Amsar Tambaya: Na Kwashi Adashi, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Anti, na kwashi adashi naira 40,000, ina son fara ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gida. Ta ina zan kama? Daga ƙanwarki a Karare.

Amsa: Ƙanwata, kafin ki auno gyaɗa, nemi uwar ɗaki tukuna. Ba a rasa dattijuwar da ta daɗe tana matsar mai a unguwarku. Je ki gaishe ta, ki taya ta suya da murza ko da na mako biyu ne. A bakin murhunta za ki ga yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a markaɗe har mai ya taso, da kwalba nawa tiya ɗaya ke bayarwa. Wannan lissafin shi ne sana'ar.

Kada ki zuba kuɗin duka. Fara da rabi, domin gyaɗa tana araha da kaka, ta hau da bazara, kuma kin fi ni sanin yadda rashin tsaro ke hana zuwa kasuwar Batsari wani lokaci. Ki ɗaure uwar kuɗi daban, riba daban. Cefanen gida kada ya taɓa ta farkon.

Sai bashi, wanda ya fi ɓera cin jarin mata. Ko dangin maigida ne, ki yi murmushi ki ce gyaɗar ta mutane ce. Masu dafaffen rogon Batsari kuwa kullum suna neman garin ƙuli mai yaji, ki fara kai musu ɗanɗano.