Gwiwar yaro mai koyon kokawa

Wani uba daga Lambara ya aiko da tambaya: ɗansa mai shekara 12 ya kamu da son kokawa, kullum yana fage, ga shi yanzu yana ɗingishi, ƙasan gwiwarsa ya tasa. Ko a kai shi wurin mai ɗori?

Malam, a dakata da ɗori. Bisa bayaninka, wannan bai yi kama da karaya ko targaɗe ba. Ƙashin yaro yana tsawo ne ta wani guringuntsi mai taushi, kuma a kansa jijiyar cinya ta kama, can ƙasan ƙoƙon gwiwa. Yawan tsalle da tsuguno sai jijiyar ta yi ta fisgar wurin har ya kumbura. Likitoci na kiransa Osgood-Schlatter, ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 15. Murza shi da ƙarfi ƙara masa wuta ne.

Masu koyar da rawar bale ta Turawa sun daɗe da sanin wannan ciwo, don su ma jikin yara suke sarrafawa. Makarantar Vaganova ta Rasha, wadda aka kafa tun 1738, takan ɗauki yaro yana wajen shekara 10, ya shekara takwas ana gina shi. Kowace safiya da ƙananan motsi ake farawa, yaro na riƙe da sandar jikin bango, sai jiki ya ɗumama a zo kan tsalle. Yarinya kuwa ba a barinta ta tsaya kan tsinin yatsu sai wajen shekara 11 ko 12. Haƙurin nan nake so masu horar da yaranmu su ara. Raina yakan ɓaci in na ga an haɗa ɗan yaro da ƙato wai don ya yi ƙwari.

Shi kuwa ɗanka, ya huta har ɗingishin ya tafi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15. In ya koma fage, ya kara da sa'anninsa, bayan la'asar, da hutun kwana biyu a mako. Ya riƙa samun wake, ƙwai, fura da nono, da barcin awa tara.

Amma in akwai zazzaɓi, ko ciwon yana tashinsa cikin dare, ko ya kasa taka ƙafar, musamman in mai sikila ne, a kai shi babban asibitin Boɗinga ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a ranar.