Ɗalibin Tuƙin Jirgin Sama da Ciwon da Ya Wuce

Duk wanda ya tashi a Katabu ya saba ganin jiragen sama suna ratsawa, domin Kaduna tana da filin jirgi da sansanin mayaƙan sama, ga kuma hanyar Zariya a ƙofar gida. A Zariyan nan ne aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Nijeriya a 1964. Ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya ce shi matuƙi zai zama. To, amma kafin a bar shi ya tashi da jirgi shi kaɗai, sai ya sami takardar shaidar lafiya. A nan ne gaban wasu yakan faɗi, musamman wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ko aka taɓa kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Takardar nan aji uku ce. Aji na ɗaya na matuƙin jirgin haya ne, na biyu na ɗalibi da mai tuƙi don kansa, na uku na masu ba jirage hanya daga hasumiya. Ƙa'idodin sun samo asali daga Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar. A ƙasarmu hukumar NCAA ce ke kula da su, kuma likitocin da ta amince da su kaɗai ke yin gwajin.

Likita zai duba ido da kunne da zuciya da hawan jini. Waɗannan na'ura tana nunawa. Abin da ke cikin rai kuwa ba na'urar da ke nuna shi, shi ya sa ake ba ɗalibi fom ya faɗi tarihin lafiyarsa, ya sa hannu. Ƙa'ida ta ambaci taɓin hankali mai sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu, da ciwon damuwa mai tsanani, da shaye-shaye. Amma a lura da sharaɗin: ciwon da ake nufi shi ne wanda zai iya hana mutum tuƙa jirgi lafiya. Ke nan wanda ya shiga baƙin ciki bayan rasuwar mahaifinsa, ya ga likita, ya warke shekaru da suka wuce, ba ɗaya yake da mai ciwon da ke tashi yana kwantawa ba. Akan nemi rahoton likitan da ya duba shi, a ga ko ya daɗe cikin lafiya, wani lokaci a ba shi takardar tare da sharaɗi. A Amurka ma, tun 2010 aka yarda wasu matuƙa su yi aiki suna shan wasu magungunan damuwa, likita yana sa musu ido.

Me ya sa ake tsanantawa haka? Ranar 24 ga Maris, 2015, jirgin kamfanin Germanwings ya tashi daga Barcelona zuwa Jamus. Mataimakin matuƙi, Andreas Lubitz, ya kulle ƙofar ɗakin tuƙi, ya kara jirgin da tsaunukan Faransa da gangan. Mutum 150 suka mutu. Tun yana ɗalibi ya yi ciwon damuwa, ya dakatar da karatu, ya sami sauƙi, aka ba shi takarda bisa sharaɗin za ta daina aiki in ciwon ya dawo. Da ya dawo sai ya ɓoye wa kamfaninsa, har aka iske takardar hutun jinya da likita ya ba shi a yage a gidansa. Ciwon farko da ya bayyana bai hana shi tuƙi ba. Wanda ya ɓoye ne ya jawo masifa.

Mu ma akwai gyara a wurinmu. Da zarar an ji an kai wani asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, sai a soma nuna shi da baki, har aure ya gagare shi. Wannan tsangwama ce ke koya wa yara ɓoyewa. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma doka ba ta iya gyara bakin maƙwabta sai mu da kanmu.

Saboda haka ɗalibi mai wannan buri ya riƙe abu uku. Na farko, ya adana katin asibiti da sunan maganin da ya sha. Na biyu, ya je gwajin lafiya tun kafin iyaye su sayar da gona don biyan kuɗin makaranta, domin karatun tuƙi yana da tsada ƙwarai. Na uku, kada ya rubuta "a'a" inda amsar "i" ce, kada kuma ya daina shan magani don ya ci gwaji. Likita yana kai rahoton wanda ya yi ƙarya ga hukuma, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka ce bai dace da tuƙi ba, kwalejin Zariya tana horar da injiniyoyin jirage da sauran ma'aikatan da jirgi ba ya tashi sai da su.

Tambayoyi don nazari:
1. Me ya sa na'ura ba ta wadatar wajen gwada lafiyar matuƙi?
2. In abokinka ya ce zai ɓoye tarihin ciwonsa a fom, wace shawara za ka ba shi?