Ku Dubi Bangon Gidanku Tukuna

'Ya'yana masu karatun kimiyyar sinadarai, ku da kuke tsallake gadar Binuwai kowace safiya daga Jimeta zuwa Girei, ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Ina jin ku kuna yawan zancen farfesa wane ya buga takardu ɗari, wane kuma an ambaci sunansa sau dubu a mujallun waje. Ban raina wannan ba, gumi ne ya kawo shi. Roƙona dai shi ne, kafin ku ƙirga takardun mutum, ku buɗe ku ga wace damuwa ce ta hana shi barci har ya rubuta su.

Ba sai kun je nesa ba. A jami'arku, wadda aka kafa a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya kafin ta ɗauki sunan Modibbo Adama, Farfesa Barminas da Farfesa Osemeahon sun daɗe suna fama da abin da mutane ba su cika lura da shi ba, wato danƙon da ke riƙe fenti a jikin bango. Duk wanda ya ga yadda ranar watan Afrilu ke gasa gini a Yola, damina kuma ta biyo baya ta jiƙa shi, ya san dalilin da fenti ke kumbura ya ɓamɓare. Fentin mai yana da ƙarko, amma tururinsa na cutar da ƙirji. Fentin ruwa ya fi lafiya, sai dai yana buƙatar danƙo nagari.

Sai suka ɗauki yuriya, takin nan da manomi ke zuba wa masara, suka haɗa da sinadarin fomaldihaid. Danƙon da wannan haɗi ke bayarwa yana da arha, amma yana da aibi: in ya bushe sai ya yi tauri ya tsattsage, ba ya jure danshi, kuma yana ci gaba da fitar da warin da ke sa ido yaji. Ba su watsar da shi ba. A 2007 suka buga sakamakon gauraya shi da man waken suya, don ya yi laushi, ruwa kuma ya daina ratsa shi. Daga baya suka juya kan farin soson nan da ake naɗe firji da talabijin da shi, wanda ke toshe mana magudanan ruwa, suka narkar da shi suna neman mai da shi danƙon fenti. Barminas ya kuma yi nazarin danƙon ƙwayar konkoli, wadda ake kaɗa miya da ita, kuma ya kai ga shugabantar cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Zariya.

Kada wani ya ce muku wannan ƙaramin aiki ne. Omar Yaghi, wanda ya samu kyautar Nobel ta 2025 tare da Susumu Kitagawa da Richard Robson, ya taso ne a Amman, a gidan 'yan gudun hijirar Falasɗinu, inda ruwan famfo kan yi kwanaki bai zo ba. Da ya girma ya ƙera wani abu mai ƙananan ramuka iya ƙwayar sinadari, wanda ke zuƙar danshi daga iskar hamada cikin dare, rana ta fito ya sake shi a tara a sha. Ƙishirwar da ya sani yana yaro ce ta bi shi har ɗakin gwaji a Amurka.

Na san wahalarku. Wuta na ɗaukewa ana tsakiyar gwaji, sinadarai sun yi tsada, wani samfurin sai an aika shi wani gari kafin a auna. Nan ne Shaiɗan ke raɗa wa ɗalibi ya cike alƙaluman da bai auna ba. Don Allah kada ku yi. Gwajin da ya ƙi, ku rubuta cewa ya ƙi, da zafin da kuka ba shi da awoyin da ya ɗauka, domin ƙanenku da zai zo baɗi ya tashi daga inda kuka tsaya.

Ranar Asabar mai zuwa, ku shiga kasuwar Jimeta wajen masu sayar da kayan gini, ku gaishe su da ladabi. Ku tambayi mai shafa fenti wane bango ne ke fara ɓamɓarewa, na gabas ko na yamma, kuma bayan damina nawa. Ku riƙe littafi da biro, ku bar shi ya gama maganarsa kafin ku sa baki.