Wa Ake Saurare a Ɗakin Haihuwa?

Amurka ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan kiwon lafiya, amma a can mace baƙar fata ta fi farar fata shiga hatsarin mutuwa a dalilin ciki da haihuwa kusan ninki uku. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, na 2021 sun nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata kusan 70 suka rasu, farare kuwa kusan 27. Jariransu ma haka: mutuwar ɗan baƙar fata kafin ya cika shekara ta ninka ta ɗan farar fata. A Ingila ma rahotanni sun daɗe suna nuna irin wannan giɓi.

Ni ungozoma ce a Mararaban Rido, ƙaramar hukumar Chikun, a kan hanyar Kachia. Duk wadda ta hau gadon haihuwa a wurinmu baƙa ce, mu da ke karɓar haihuwar ma baƙaƙe ne. To me ya kai ni maganar Amurka? Abin da masu bincike suka tono a ƙarƙashin waɗancan alƙaluma, shi nake gani a nan da idona, launin fata kawai aka cire.

Da farko an ɗora laifin a kan talauci, sai lissafi ya ƙi fita. CDC ta gano cewa baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba shiga hatsarin. Shalon Irving ma'aikaciyar CDC ce, aikinta ma binciken bambancin da ake samu a kiwon lafiya. Ta haihu a Janairun 2017, ta yi ta komawa asibiti da kumburi da hawan jini tana cewa jikinta ba daidai yake ba, ana sallamarta. Mako uku bayan haihuwar ta rasu, tana da shekara 36. A wannan shekarar dai, Serena Williams, da duk kuɗinta da sunanta, ta ji numfashinta yana sarƙewa kwana ɗaya bayan an yi mata aiki an ciro 'yarta. Ta san ciwonta, domin jini ya taɓa daskare mata a huhu. Ta nemi a yi mata hoto, ma'aikaciyar jinya ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Sai da ta dage aka yi hoton, aka ga gudajin jini. Matan nan biyu sun faɗi abin da ke damunsu da bakinsu, a kan lokaci. Jin ne ba a yi ba.

Namu alƙaluman sun fi nasu muni nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Kuma mutuwar tana da zaɓe. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mata 16 cikin 100 ne suke haihuwa a asibiti, a Kudu maso Gabas kuwa sun haura 80. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya buga nazarinsa na haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya, ya nuna cewa waɗanda suka fi mutuwa su ne matan da ba su yi karatu ba, ba su yi awo ba, aka kawo su bayan naƙuda ta galabaitar da su. Shekara arba'in ke nan, har yau ita ce dai matar.

A Mararaban Rido na san ta sarai. Ita ce wadda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Chikun da Kajuru, ta sauka a ɗakin ɗan'uwa ko a kango, katin awonta ya tsaya a garin da ba ta iya komawa. Ita ce Bafulatanar da ta fito daga ruga, Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba. Ita ce 'yar Gbagyi ko 'yar Adara da ta yini a gona da tsohon ciki. Ita ce yarinya 'yar shekara goma sha shida mai cikin fari, wadda kunya ta hana ta buɗe baki gaban surukarta. Da ta shigo, kafin a ɗaura mata abin gwajin jini, an riga an yanke mata hukunci daga zaninta da takalminta. "Ina katinki?" "Sai yanzu kika ga damar zuwa?" "Ke kaɗai kika taɓa haihuwa?" Na ji waɗannan kalmomi a wurare da dama da na yi aiki, kuma na ga yadda murya take sauka idan matar wani babba ce ta shigo riƙe da jaka. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019, wanda aka yi a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun sha tsawa ko mari ko wulaƙanci wajen haihuwa, kuma ƙanana da marasa karatu sun fi sha.

'Yan'uwana ma'aikata, na san gajiyarmu. Na san daren da mutum ɗaya ke kan masu naƙuda uku, ba wuta, sai fitilar waya. Amma matar da aka daka wa tsawa ba ta sake magana, kuma aikinmu a kan maganarta ya dogara. Yawanci jijjiga ba ta faɗo wa mace haka kawai. Kafin ta faɗi tana kakkafewa, ta riga ta ce kanta na sarawa, ko idonta na ganin dishi-dishi, ko tana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, ko zobenta ya daina shiga yatsa, fuskarta ta cika. A gida an ce mata kumburin alamar tagwaye ne. Idan ta faɗi, a ce iska ce, a nemo hayaƙi. Idan ta zo wurinmu mu ma muka ce rakin ciki ne, ina kuma za ta? Gwajin hawan jini ba ya cin minti biyu. Ya kai 140 bisa 90, magana ta canza. Ya kai 160 bisa 110, ba a barinta ta koma gida. Allurar magniziyam salfet da ke tare jijjiga ba ta da tsada. Abin da ke da tsada shi ne a yarda da matar tun tana iya magana.

Shi ya sa nake son duk abin da za a auna a rubuta, domin ma'auni bai san 'yar wa ce ba. Zubar jini misali ne. Mun saba ƙiyastawa da ido, ido kuwa yana raina jini, har ma idan ya jiƙe a zani. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ciki. Da ya kai layin hatsari sai a haɗa mata magunguna da murza mahaifa a lokaci ɗaya, ba a jira a gwada ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Irin wannan leda ya kamata a ce tana kowane ɗakin haihuwa daga nan har Kafanchan.

Jariri ma baƙar fatarsa tana ɓoye ciwo. Yawancin hotunan littattafan da muka karanta na farar fata ne, inda shawara ke fitowa rawaya fili. A jikin namu sai an fito da shi haske da rana, a duba farin ido da dasashi, a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin da ya bari. Shawarar da ta fito a ranar haihuwa ta gaggawa ce. Ruwan gulukos da shanya jariri a rana ba sa maganinta. A raba kayansa da kafur, domin akwai jariran da yake fasa wa jini. Cibiya kuma a shafa mata man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma.

Magidanta, rabonku babba ne. Kowa ya san yadda ake tsoron hanya da dare a yankin nan, naƙuda kuwa ba ta duba agogo. Tun ciki na wata bakwai a riƙe lambar mai Keke Napep ko mota da zai fito ko ƙarfe nawa ne, a ware kuɗin hanya, a san ɗan'uwan da zai ba da jini. Kuma a ba ta izini tun yanzu, a gaban uwar miji, cewa ko kana kasuwar Kujama ko kana Abuja, in ta ga jini ko kanta ya sara ta tafi. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da yin aikin ciro jariri kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka zaɓa. A tambaya tun ranar awo, kada a bari sai an zo sa hannu.

Ke kuma 'yar'uwa, kina da hakkin ki ce a gwada miki jini, a faɗa miki lambar, a rubuta a katinki. In Hausa ko Turanci na ba ki wuya, zo da wadda za ta yi magana a madadinki. In an sallame ki kuma jikinki bai yarda ba, ki dawo, ko ki wuce babban asibitin Sabon Tasha. Kada kuma a ɗauka an sauka shi ke nan. Jijjiga tana kama mai jego, haka ciwon zuciyar da likitocin Zariya suka daɗe suna alaƙantawa da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ko ƙafarta ta kumbura, ko jinin biƙi ya yi wari da zazzaɓi, asibiti za a kai ta ranar, ba bayan suna ba. Ko lafiya ƙalau take, a kawo ta da jaririn a duba su a rana ta uku, a sake dubawa cikin mako na biyu, sannan a mako na shida.