Motar daji ba ta yara ba ce

Da zarar an kai ƙarshen watan Mayu aka buɗe hanyoyin motocin daji a dazuzzukan gwamnatin jihar Fensilbaniya, mu da ke sashen gaggawa mun san abin da ke tafe. Daga nan har ƙarshen Satumba, kowace Asabar da Lahadi sai an kawo mana karaya ko fashewar kai. Ido ya saba. Amma na wannan karon ya ƙi fita daga raina, domin mutanenmu ne, da Hausa na yi magana da uban yaron.

Daga birni suka zo hutu, suka ɗauki hayar UTV mai kujera huɗu, irin ƙaramar motar nan mai kejin ƙarfe da manyan tayoyi. Da safe uban ne ke tuƙi. Bayan azahar ɗansa mai shekara 13 ya dame shi da magiya, sai ya sauka ya ba shi sitiyari, shi kuma ya koma gefe ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Ƙanen uban yana baya, ƙanwar yaron 'yar shekara 6 tana kan cinyarsa. Babu mai hular kwano. Ragar gefe sun kwance ta, wai zafi. Bel kuwa, da yake motar ba ta wuce kamar kilomita 24 a awa sai direba ya ɗaura nasa, wani mai wayo ya nuna musu su maƙala shi ta bayan yaron, injin ya ɗauka an ɗaura. Mai ba da hayar ya karɓi kuɗinsa, ya miƙa takarda aka sa hannu, ko kallon yaran bai yi ba.

A wata kwana mai tsakuwa da gangare motar ta kife ta hagu. Yaron ya yi abin da kowa zai yi, ya miƙa hannu zai tokare ƙasa. Ƙarfen keji ya sauka a kan sangalin hannunsa, da nauyin da ya haura kilo 600, ya ja shi a kan tsakuwa.

Babu sabis a wurin. Suka ɗaga motar da taimakon wasu masu wucewa, sai baffan ya ce ai shi ya san ɗori tun a gida. Ya ja hannun, ya jera itace, ya ɗaure da igiya tamau. Karayar da ƙashi ya leƙo, fata ta saluɓe, ƙasa ta cika ciwo, ita za ka yi wa ɗori? Da suka fito inda waya ke shiga ma ba su kira 911 ba, don suna tsoron kuɗin motar asibiti. Suka sa shi a tasu motar suna bin taswira, suka faɗa wani ƙaramin asibiti da ba shi da likitan jijiyoyin jini. Daga can aka turo mana shi a jirgi mai saukar ungulu.

Sa'ad da ya iso an wuce awa shida. Hannun ya yi sanyi, na'urar Doppler ba ta jin bugun jini, ƙasusuwan biyu sun ragargaje. Likitocin jijiya suka ciro jijiya daga ƙafarsa suka yi dashe, aka tsaga tsoka don rage kumburi, aka yi ta komawa ɗakin tiyata ana wankewa ana yanke abin da ya mutu. Bayan 'yan kwanaki aka yanke hannun daga ƙasan gwiwar hannu. Yarinyar ta tsira da karayar ƙashin wuya na kafaɗa, ita ma Allah ne ya kiyaye, don kanta bai daki dutse ba.

Uban ya riƙe ni a baranda yana kuka: “Likita, wallahi ba gudu yake yi ba. Ƙaddara ce.” Na ce, “Alhaji, ƙaddara gaskiya ce, Allah ya ba shi lafiya. Amma ba ƙaddara ce ta maƙala bel a bayansa ba.” Na yarda ba gudu yake yi ba. Waɗannan motocin dogaye ne ga rashin faɗi, karkatar da sitiyari da ƙarfi sau ɗaya ya isa ya kifar da su.

Kuma ba yau aka gano haka ba. A 2009 hukumar kare masu saye ta Amurka, CPSC, ta sanar da gyaran irin wannan motar mai suna Yamaha Rhino bayan binciken haɗurran da mutum 46 suka mutu a cikinsu, yawancinsu kifewa ce, da yawa kuma ba su ɗaura bel ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa kada wanda bai kai 16 ba ya tuƙa. Littafin motar Polaris RZR ma haka ya ce: direba ɗan 16 mai lasisi, fasinja ɗan 12 zuwa sama. A jikin motar aka manna wannan gargaɗin, amma wa ke karantawa? Wasu kuma su ce ai dokar jihar ta yarda ɗan 8 zuwa 15 ya hau idan yana da takardar horo. Takardar horon ƙaramin babur mai ƙafa huɗu ba ta mai da yaro direban motar da ke iya wuce kilomita 100 a awa.

Kejin yana kare wanda ke ɗaure a cikinsa ne kawai. Wanda ya fito, ko hannunsa ya fito, kejin ne zai murƙushe shi.

Kada ka ba yaro sitiyari. Ko ya yi kuka, ko fili ne fetal, kada ka ba shi. A ɗaura bel a ƙirji, ba a bayan kujera ba. A rufe raga ko ƙofa. Idan mota ta karkata, hannu biyu a kan sitiyari ko marikin fasinja, ƙafa a ƙasa, kada a tokare. Yaron da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasan motar idan ya jingina, a bar shi a masauki, kuma cinya ba kujera ba ce. Hular kwano, ko da akwai rufi. Ban da kwalta, ban da dare, ban da maye. Kada mota ɗaya ta shiga daji ita kaɗai. Bel ɗin nan, na sake faɗa, a ɗaura shi.

Idan abin ya faru, a danne jini da tsumma mai tsabta, a bar ƙashi yadda yake, a aika wani inda akwai sabis ya kira 911. Ana biyan bashin asibiti a hankali, hannu kuwa ba ya dawowa. Masu ɗori na gado, don Allah ku san iyakarku.

Masu zuwa Dubai su hau irin waɗannan motocin a kan yashi, maganar ta shafe ku, dokar jikin ɗan Adam ɗaya ce. Iyaye, ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin kai yara hutu.