Amsoshin Tambayoyinku: Tubar Mai Kisan Kai da Yadda Finafinai Suke Nuna Ta

Wani mai sauraro daga Zariya ya aiko da tambaya cewa, shin wanda kotu ta samu da laifin kisan kai zai iya tuba ya gyaru, kuma yaya finafinai suke nuna hakan?

Tuba, wato nadama da barin laifi da ƙudurin rashin komawa gare shi, tana karɓuwa ko daga mai kisa a wajen mafi yawan malaman Musulunci, waɗanda suke kafa hujja da hadisin mutumin da ya kashe mutum ɗari, sai dai tuba ba ta kawar da haƙƙin magadan mamaci, domin su ke zaɓar ƙisasi ko diyya ko yafiya.

Finafinan Amurka sun fi karkata ga nadamar mai laifin. A The Shawshank Redemption na 1994, fursuna Red ya shekara arba'in a kurkuku kafin a sake shi, amma mai kallo bai ga dangin wanda Red ya kashe ba. Dead Man Walking na 1995 ya fi adalci, domin mai laifin bai amsa laifinsa ba sai dab da zartar masa da hukuncin kisa, ya nemi gafara alhali iyayen mamatan suna kallonsa ta bayan gilashi.