Fasinjan da ke cikin kwamfuta: me zai hau gobe?

Masu tsara zirga-zirgar birane kan gina gari a cikin kwamfuta, su zuba masa mutane na kwaikwayo, kowa da gidansa da wurin aikinsa, sannan su gwada abin da zai faru idan an ƙara kuɗin mota ko an shimfiɗa sabon layin dogo. Inda aikin ya fi ɓaci shi ne wajen zaɓen abin hawa.

Tushen lissafin na Daniel McFadden ne, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000. Ana auna lokaci da kuɗin kowane abin hawa, sai a bar gurbi don abin da mai bincike bai gani ba. Da wannan ya yi hasashen kusan kashi 6 cikin 100 na masu zuwa aiki za su hau jirgin ƙasa na BART a yankin San Francisco, alhali hukuma tana cewa 15. Nasa ne ya fito daidai.

To, wannan gurbin ne ke rikita mutane. A ce bincike ya nuna tafiya uku cikin goma a bas ake yi. Mutum uku ne ke hawa kullum, ko kowa ne ke hawa jefi-jefi? Binciken yini ɗaya ba zai taɓa bambance maka su ba, kuma bambancin babba ne. Wanda ya saba ɗan taɓa bas ya san tasha, ya san kuɗi, ragi kaɗan zai jawo shi. Wanda bai taɓa shiga ba kuwa, sai an yi da gaske.

Shawarata, raba gurbin gida biyu. Kashi ɗaya ka ɗaura wa mutum, ya zama halinsa daga farkon gwaji har ƙarshe. Ɗayan ka bar shi yana sauyawa da rana: hadari ya haɗo, akwai kaya a hannu, albashi bai shigo ba. In ka jefa ƙuri'a sabuwa don cike gurbin a kowace tafiya, za ka samu ɗan kasuwa ya tafi shago da motarsa, ya komo gida a adaidaita-sahu, motar ta kwana a can. Don haka ka ɗaure tafiya da komowa wuri guda.

Sanin girman kowane kashi sai da bayanan kwanaki. A Jamus, binciken Mobidrive na 1999 ya bi mutane mako shida a Karlsruhe da Halle, kuma manhajar mobiTopp mako guda cur take kwaikwaya. In kuɗinka kaɗan ne, na fi son ka rage yawan gidajen da za a tambaya, ka bi kowanne tsawon mako, har da Juma'a da ranar kasuwa.

Kafin ka miƙa wa hukuma sakamako, maimaita gwajin sau da yawa da ƙuri'a daban-daban. In tazarar da ke tsakanin sakamakon gwaje-gwajen ta kai girman ribar da ake cewa sabon titi zai kawo, kada ka sa hannu.